Cikin ɗan tsako da ƙwaryar kindirmo

Mai yin kindirmo tana tafasa madara, ta sauke ta huce, ta zuba ɗan ragowar na jiya, ta rufe ƙwarya ta tafi sabgarta. Da gari ya waye madara ta kama, ga kauri ga ɗan tsami mai daɗi. Ragowar nan cike take da ƙwayoyin halitta masu amfani. Su ne ke riga kowa shiga, su cinye zaƙin madarar su mai da shi tsami, tsamin kuma ya hana masu ɓata nono samun wurin zama. In aka bar tafasasshiyar madara haka nan a buɗe, duk abin da ya fara faɗawa ciki shi ne mai gida.

Ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe a inji tamkar wannan madarar yake. Hanjinsa kusan wayam ne. Na kazar gida yana bin uwarsa yana tsattsaga inda ta yi kashi, ta haka yake ɗibar ƙwayoyin da ke cikinta, amma na gidan gona bai taɓa ganin uwa ba. A 1973 wasu masana biyu a ƙasar Finlan, Nurmi da Rantala, suka ɗebo abin da ke cikin hanjin manyan kaji masu lafiya suka ɗura wa sababbin 'yan tsaki, sai suka ga ƙwayar cutar salmonela ta kasa kama su kamar yadda take kama waɗanda ba a ba su ba. Dabarar mai kindirmo ce tsaf, a cikin hanji.

Sai dai kiwon zamani ya riga ya bi wata hanya tun kafin nan. Wajen 1950 aka lura a Amurka cewa ɗan barbaɗin antibayotik a cikin abinci yana sa kaji saurin girma, duniya ta rungumi abin. A wajenmu ma mai kaji ɗari a bayan gida yakan fara da magani a ruwan sha tun ranar da ya ɗauko 'yan tsaki, lafiyarsu lau, wai rigakafi. Wani har kafson antibayotik ja da yalo yake ɓarewa ya zuba. Maganin bai san nagari da mugu ba, duk shara yake yi, kuma 'yan kaɗan da suka tsira su ne waɗanda ba ya yi musu komai. Su za su hayayyafa, su bi nama da kashin kajin da muke kaiwa gonar kayan lambu, su iso jikin mutum. Suwidin ta hana ba dabbobi antibayotik don ƙara girma tun 1986, Tarayyar Turai ta bi a 2006. A 2015 aka gano a Sin ƙwayoyin cuta masu jure kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa don ranar da sauran suka gaza. Wani babban bincike kuma ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani shi ne Afirka ta Yamma. Wannan kaɗai ya isa ya hana mu barci.

Abubuwan da ake sawa a madadin antibayotik, mafi ƙarfinsu suna aiki ne irin na ragowar kindirmo. Akwai ƙwayoyi masu rai da ake sayarwa a gari, a zuba a ruwa ko abinci. Akwai tsami da ake ɗigawa a ruwan sha don hanji ya zama wurin da salmonela ba ta so. Sannan ga kayan kicin da kowa ya sani, tafarnuwa da citta da kurkum da habbatus sauda da garin zogale. A kan waɗannan na ƙarshe nake so mu yi hattara, domin gwaje-gwajen da aka yi ba su zo da sakamako ɗaya ba, wani ya ga ƙarin nauyi, wani bai ga komai ba. Ganyen zogale in ya yi yawa a abinci yana rage girma, kuma burola da ake so ta kai kilo biyu cikin mako shida ba ta da ranar asara.

Mai kindirmo ta san ƙa'idodin da mai kaji yake mantawa. Ba ta zuba ragowar a madara mai zafi, don za ta mutu. Haka ƙwayoyi masu rai ke mutuwa in aka haɗa su da antibayotik a mazubi ɗaya, ko a ruwan da kulorin ya yi yawa. Madarar saniyar da ake yi wa allurar antibayotik ma ba ta kamawa yadda ya kamata. Tana kuma wanke ƙwaryarta ta shanya a rana. Ɗakin kaji mai jiƙaƙƙiyar dusar katako, ga cunkoso, ga warin da ke sa ido hawaye, babu tafarnuwar da za ta cece shi. Turawa sun ɗanɗana haka bayan sun hana antibayotik na ƙara girma, ciwon ruɓewar hanji ya ƙaru a gonaki da dama, sai da aka gyara tsafta da iska da haɗin abinci.

Kuma nonon da ya riga ya lalace ba a gyara shi da ƙarin ragowa. Kazar da ta kwanta, tana zawo da jini ko tana minshari, likitan dabbobi take buƙata, in ya rubuta antibayotik a ba da shi cikakke, a kuma jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalin kafin a yanka ko a kai kasuwa. Cututtukan Gumboro da Niyukasul kuwa ba su jin ganye, ba su jin antibayotik, rigakafinsu ake yi a kan lokaci, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana haɗa shi a nan gida.