Disleksiya: Yaran Maiduguri da ake kira daƙiƙai bisa kuskure

A watan Satumbar 2017, asusun UNICEF ya bayyana cewa tun ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009 an kashe malamai 2,295 a arewa maso gabas, an raba wasu 19,000 da muhallinsu, an kuma lalata makarantu kusan 1,400. Tun daga nan, duk yaron da ya kai aji huɗu a Maiduguri bai iya karatu ba, dalilinsa a shirye yake a bakin kowa: gudun hijira, maraici ko cunkoson aji. Galibi hakan gaskiya ne. Sai dai a cikin yaran nan akwai waɗanda ko da ba a taɓa harba harsashi a Borno ba, haruffa za su ci gaba da yi musu gardama. Su ne masu larurar disleksiya.

Larurar tana shafar yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa sauti da harafi. Yaro zai ji kalmar "kaza" da "kara" sarai, amma ya sha wahala kafin ya ware sautin da ya bambanta su, balle ya ɗaura shi a kan harafi. Idonsa lafiya lau, basirarsa daidai da ta tsaransa, kuma sau da yawa akan samu mai irin matsalar a danginsa. Likitan ido Rudolf Berlin na Jamus ne ya raɗa mata suna a 1887. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin hankali da karatu ya gagara. Ƙiyasin da aka fi ambatawa a duniya shi ne yara biyar zuwa goma cikin ɗari, wato a ajin mutum tamanin ba za a rasa huɗu ba.

A Maiduguri gano irin wannan yaro ya fi wuya. A gida yana jin Barbarci ko Larabcin Shuwa ko Babur, a kasuwa Hausa, a Islamiyya Larabci, a makarantar boko kuma littafi na jiransa da Ingilishi. Rubutun Ingilishi kuwa ba ya bin furuci sau da ƙafa, harafi ɗaya kan ɗauki sautuka da dama. Wani bincike da Eraldo Paulesu ya jagoranta, wanda mujallar Science ta buga a 2001, ya gano cewa masu disleksiya a Italiya da Faransa da Ingila alamarsu a ƙwaƙwalwa iri ɗaya ce, amma 'yan Italiya sun fi samun sauƙin karatu domin rubutunsu na bin furuci. Bokon Hausa ya fi kusa da na Italiya ta wannan fuska. Yaron da aka fara koya wa haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji, an rage masa rabin dawainiya.

Salon koyarwa ma yana ɓoye shi. Inda malam ke faɗa aji na amsawa baki ɗaya, yaro mai ƙarfin hadda zai yi shekara uku yana bin ayari da ka. Ranar da aka tsayar da shi shi kaɗai a gaban allo ne asiri ke tonuwa, sai bulala da dariyar 'yan aji su biyo baya, sunan daƙiƙi ya manne masa. Daga nan zuwa barin makaranta tafiyar ba ta da nisa.

Abin da yaron ke buƙata ba ya cin kuɗi sosai. A koya masa sautuka ɗaya bayan ɗaya, yana furtawa yana zana harafin da yatsa a kan yashi, domin kunne da ido da hannu su yi aiki tare. Wannan shi ne ginshiƙin tsarin da Samuel Orton da Anna Gillingham suka shimfiɗa a Amurka a shekarun 1930. A zaunar da shi a gaba, a ƙara masa lokaci, a daina tilasta masa karatu a bainar aji ba shiri. A jarrabawar kimiyya ko tarihi a auna abin da ya sani, ko da baki ne, kada kuskuren rubutu ya cinye makinsa. Tsarin koyar da yara gwargwadon matakinsu, wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro kuma aka shigo da shi Borno, yana da wani amfani a nan: idan an yi wa yara darasin cike giɓi, mafi yawansu sun motsa, wanda ya tsaya cik shi ne ya kamata a duba da kyau.

Duk wannan ya rataya ne a wuyan malami. A 2022 kwamitin da Gwamna Babagana Umara Zulum ya kafa ya tantance malaman firamare 17,229, ya samu 5,439 kacal da suka cancanci koyarwa, wasu 7,975 kuma za su iya idan an horar da su. Horon nan shi ne ƙofar da ya dace a shigar da darasin gane disleksiya ta cikinta.

A nan ne aikin ya iso teburin ma'aikatan Abuja. Akwai manufar ƙasa kan ilimin masu buƙata ta musamman ta 2015, akwai dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019, kuma hukumar UBEC na ware kashi biyu cikin ɗari na asusunta ga wannan fanni. Amma idan aka ambaci ilimi na musamman, hankali kan tafi ga makafi da kurame da guragu, waɗanda larurarsu a fili take. Mai tsara kasafi zai iya tambayar nawa ne daga kason ya tafi ga gwajin karatu a aji biyu. Hukumar NCCE, wadda ke tsara manhajar kwalejojin ilimi irin su Kashim Ibrahim da ke Maiduguri, za ta iya wajabta wa kowane ɗalibin NCE koyon wannan gwaji kafin ya karɓi takardarsa. Gwajin bai wuce takarda guda mai haruffa da gaɓoɓi da gajerun kalmomi ba, da 'yan mintuna a gefen aji. Yaron da aka gano yana ɗan shekara bakwai, gyaransa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan wanda aka bari sai ya kai sakandare.