Idan Kwamfuta Ta Ƙi Ganin Kibod, Kada A Yi Saurin Kai Ta Wurin Mai Gyara

A nan ƙasar waje kusan komai ta kwamfuta ake yi: sabunta takardar zama, neman aiki, rajistar yara a makaranta. Wa'adi na matsowa, sai a jona kibod a danna, ko harafi ɗaya bai fito ba. Kafin mu biya kuɗin dubawa, wanda kan iya fin kuɗin sabon kibod, mu fara da abin da ba ya cin ko sisi.

Da farko a danna maɓallin Caps Lock. Idan 'yar fitilarsa tana kamawa tana mutuwa, kwamfuta tana jin kibod ɗin. Idan shiru, a zare wayar a sa a wani ramin USB. A babbar kwamfuta ta tebur ramukan baya sun fi aminci, domin a jikin babban allon injin suke, na gaba kuwa waya ce ta haɗa su, kuma takan saki. Kada a bi ta na'urar nan mai raba rami ɗaya zuwa huɗu, a jona kai tsaye. Mai tsohuwar Windows 7 ya nemi baƙin rami, domin shuɗin nan na USB 3.0 ba ya aiki a kanta sai an sa masa direbansa. Kibod marar waya kuma a sauya masa batir.

Har yanzu shiru? A gwada shi a kwamfutar maƙwabci. In can ma bai yi ba, shi ne ya mutu, sai a sayi wani.

In ya yi aiki a can, matsalar tana gida. A kashe kwamfuta gaba ɗaya, a zare ta daga wuta, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, sannan a kunna. Idan ta tsaya tana neman kalmar sirri, a kusurwar ƙasa ta dama akwai alamar da ke fito da kibod a kan allo, sai a rubuta da maus. Bayan an shiga, a danna Start da ɓangaren dama na maus, a zaɓi Device Manager, a buɗe Keyboards, a yi wa wanda ke ciki Uninstall, a sake kunnawa. Windows za ta mayar da direban da kanta.

Akwai kuma ta yara: duk wanda ya danne Shift na dama daƙiƙa 8 yana iya kunna Filter Keys, sai haruffa su riƙa nawa. A kashe shi a Settings.

Sai idan duk ramukan sun ƙi, har maus ba ya motsi, sannan aiki ya zama na mai gyara. Ko a nan ma mu tuna hoton fasfo da takardun iyali suna ciki. A zaɓi amintacce, kuma in da hali a yi gyaran a gabanmu.