Cin Tudu Biyu a Fagen Ƙirƙira: Dalilin da Ya Sa Ba a Mallakar Fasaha Ɗaya Sau Biyu

Gabatarwa

A ce dagacin wani ƙauye a ƙasar Sandamu ya ba wani mutum aron gona na shekara biyar, bisa sharaɗin cewa damina ta biyar tana wucewa gonar za ta koma hannun jama'a. Da aka shiga shekara ta uku sai mutumin ya zagayo ya nemi wata takarda a kan wannan gona dai, amma ya sake mata kwatance. A takarda ta fari an rubuta "gonar da ke yamma da rijiya", a ta biyu kuwa "gonar da ke gabas da tsamiya". Idan aka yi sake aka ba shi, to, ya ci shekara takwas ke nan maimakon biyar. Wannan shi Bahaushe ke kira cin tudu biyu.

Irin wannan dabara tana aukuwa a fagen kimiyya da fasaha, kuma akwai doka da aka tanada musamman domin toshe ta. A wannan maƙala za mu duba yadda dokar take aiki, mu ɗauki misali daga injunan da ke ƙera ƙwaƙwalwar wayar salula, sa'an nan mu dawo gida mu ga matsayin dokar Nijeriya.

Mece ce takardar mallakar ƙirƙira?

Takardar mallakar ƙirƙira yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da al'umma. Shi mai ƙirƙira zai bayyana sirrin fasaharsa dalla-dalla a rubuce, yadda duk wani masanin fannin zai iya karantawa ya ƙera irinta. Ita kuma hukuma za ta hana kowa ƙera abin, ko sayar da shi, ba tare da izininsa ba, har zuwa wani wa'adi. A Nijeriya da Amurka da mafi yawan ƙasashen duniya wa'adin shekara 20 ne daga ranar da aka shigar da takardar nema. Da zarar ya cika, fasahar ta zama ta kowa.

Sashe mafi muhimmanci a takardar shi ne jerin da'awoyi, wato jimlolin da ke fayyace abin da mai ƙirƙira yake cewa nasa ne. Da'awoyi su ne tamkar iyakokin gona. Bayani da zane-zane suna iya cika shafi hamsin, amma abin da da'awa ta kewaye shi kaɗai ne mallakarsa.

Injin da ke rubutu da haske

A cikin kowace wayar salula da ake sayarwa a kasuwar Daura ko ta Mai'aduwa akwai 'yan ƙwayoyin silikon, waɗanda masu gyaran waya ke kira aisi. Hanyar da ake bi a zana hanyoyin lantarki a kansu sunanta litogirafi. Kalmar daga harshen Girkanci take, ma'anarta rubutu a kan dutse, kuma ta samo asali ne daga wata dabarar ɗab'i da Alois Senefelder ya gano a ƙasar Jamus a shekarar 1796. A masana'antar yau babu dutse babu tawada. Ana shafa wa faifan silikon, mai faɗin milimita 300, wani sinadari da haske ke sauya shi. Daga nan sai a haska allon da ke ɗauke da zanen, hoton ya ratsa ta gilasai ko madubai waɗanda ke rage girmansa, yawanci har sau huɗu, ya sauka a kan faifan.

Domin mai karatu ya gane ƙanƙantar wannan zane, sai mu yi awo da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Jar ƙwayar jinin ɗan Adam tana da faɗin nanomita 7,000 zuwa 8,000. Zaren gadon halitta, DNA, kaurinsa nanomita 2 ne. Hasken da idonmu ke gani tsawon zangonsa yana tsakanin nanomita 400 da 700, alhali waɗannan injuna suna aiki da haske mai zangon nanomita 193, mafi sabunta daga cikinsu kuma 13.5. Bugu da ƙari, ba sau ɗaya ake zanen ba. Hawa-hawa ake yin sa kamar bene, hawa gommai, kuma dole kowane hawa ya zauna daidai bisa na ƙasa da shi. Kuskuren 'yan nanomitoci ya isa ya lalata aikin.

A nan ne sarrafa injin motsi ya shigo. Faifan yana zaune a kan wani dandamali da ke gudu gaba da baya a ƙarƙashin haske. Abin da ke tura shi dangin injin fanka ne, wato naɗin wayar jan ƙarfe da maganaɗisu, sai dai an shimfiɗe shi a miƙe, yana tafiya a layi maimakon juyawa. Na'urorin awo suna duba inda dandamalin yake sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, kwamfuta tana kwatanta inda yake da inda ya kamata ya kasance, sa'an nan ta ƙara ko ta rage wutar da ke shiga naɗin wayar. Ɗaliban ilmin halittu za su tuna cewa haka jikinmu yake daidaita zafinsa da yawan sukarin jini: a auna, a kwatanta, a gyara. Akwai kuma matsalar da doka ta uku ta Newton ta haifar. Duk lokacin da inji ya tura dandamali gaba, shi ma dandamalin yana tura injin baya, kuma idan wannan girgiza ta kai ga gilasai hoton zai dushe. Don haka akan sa wani nauyi da ke zamewa ta ɗaya ɓangaren domin ya shanye turin. Zafin da wayar ke fitarwa shi ma yana buɗa ƙarfe, dole a yi lissafinsa.

Kamfanoni uku ne suka yi fice a wannan sana'a: ASML na ƙasar Holan, wanda aka kafa a 1984, da Nikon da Canon na Japan. Kowace ƙaramar dabara ta rage girgiza ko zafi dukiya ce. Nikon ya kai ƙarar ASML a Amurka a 2001, aka sasanta a 2004 bayan ASML da abokin aikinsa Carl Zeiss sun amince su biya dala miliyan 145. Rigimar ta sake tashi a 2017, aka kashe ta a 2019 da Yuro miliyan 150. Inda kuɗi ya kai haka, ƙarin shekara ɗaya a kan wa'adi ba ƙaramin abu ba ne.

Yadda jami'in tantancewa yake ƙin takarda

A Amurka, ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire yana da jami'ai masana waɗanda ke karanta kowace takardar nema. Dokar ƙasar ta yarda kamfani ya ɗora sabuwar takardar nema a kan tsohuwa muddin tsohuwar ba a kammala ta ba, saboda haka ƙirƙira ɗaya takan haifi takardu masu yawa, 'ya'ya da jikoki. Aikin jami'in ne ya jera da'awoyin sabuwar takarda kusa da na tsofaffin takardun mai nema, ya ga ko gona ɗaya ce aka sake wa kwatance. Ƙin da yake yi iri biyu ne.

Na farko shi ne idan da'awoyin biyu abu ɗaya tak suka kewaye. Alal misali, takarda ta fari ta ce "a daidaita wutar naɗin waya gwargwadon zafin da aka auna", ta biyu kuma ta faɗi haka da wasu kalmomi. A nan babu magani sai dai mai nema ya janye da'awar ko ya sauya ta. Tushen wannan hukunci tsoho ne, kuma daga gona ya fito. A 1894 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke shari'ar Miller da kamfanin Eagle, a kan wani sifirin da aka ɗaura wa garmar da dawaki ke ja. An ba da takarda ɗaya a 1879 wadda ta ƙunshi yadda sifirin ke ɗaga garma da yadda yake danna ta ƙasa, aka sake ba da wata a 1881 a kan ɗagawar kaɗai. Kotu ta ce sifirin ɗaya ne, ta soke ta biyu.

Na biyu shi ne idan da'awoyin sun ɗan bambanta, amma bambancin bai wuce abin da kowane masanin fannin zai yi tunaninsa da kansa ba. A misalinmu, a ce takarda ta biyu ta ƙara cewa a sa na'urar auna zafi biyu maimakon ɗaya. Wannan ƙin kotuna ne suka ƙago shi, kuma yana da magani. Mai nema yakan sa hannu a takardar sarayarwa, inda zai ɗauki alkawari biyu: cewa sabuwar takardarsa za ta mutu rana ɗaya da tsohuwar, kuma cewa ba za ta yi aiki ba sai idan takardun biyu suna hannun mai shi ɗaya. Alkawari na biyu yana hana a sayar wa mutum biyu takardu biyu, kowannensu ya kai maƙeri ɗaya ƙara a kan laifi ɗaya. Amma idan ofishin ne da kansa ya umarci mai nema ya raba takardarsa gida biyu, doka ta kare shi daga wannan zargi.

Kafin 8 ga Yuni, 1995, wa'adin Amurka shekara 17 ne daga ranar da aka ba da takarda, don haka duk wanda ya jinkirta takarda ta biyu ya tsawaita mallakarsa. Sauya lissafi zuwa shekara 20 daga ranar nema ya rage wannan ɓaraka, amma bai toshe ta duka ba, domin akan ƙara wa takarda kwanaki idan ofishin ne ya yi jinkiri. A 2023, a shari'ar kamfanin Cellect, wadda ta taso daga rigimarsa da Samsung a kan na'urar ɗaukar hoto ta cikin waya, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa waɗannan ƙarin kwanaki ma suna shiga lissafin cin tudu biyu.

Misali daga ilmin halittu

Kada ɗalibi ya ɗauka cewa wannan magana ta injiniyoyi ce kawai. A da, kamfanin Eli Lilly yana da takarda a kan amfani da sinadarin fuluwoksetin, wanda ake sayarwa da sunan Prozac, domin maganin fargaba a jikin ɗan Adam. Yana kuma da wata a kan amfani da wannan sinadari domin hana jijiyoyin ƙwaƙwalwar dabbobi sake tsotse sinadarin serotonin. A 2001 kotu ta ce, a tsarin rabe-raben ilmin halittu ɗan Adam yana cikin rukunin dabbobi, kuma hana tsotse serotonin shi ne ainihin abin da maganin ke yi a jikin duk wanda ya sha shi. Da'awa ta biyu ta faɗi. A watan Agusta na shekarar wasu kamfanoni suka fara sayar da irinsa mai araha, fiye da shekara biyu kafin lokacin da takardar za ta ƙare. Darasin aji huɗu na sakandare ne ya raba wannan gardama.

Matsayin dokar Nijeriya

Dokarmu ita ce Dokar Mallakar Ƙirƙira da Zane ta 1970, kuma ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Ta sha bamban da ta Amurka a wuri ɗaya babba. Bisa sashe na 4, Magatakarda yana duba cikar takardu da biyan kuɗi ne kawai. Ba ya binciken ko ƙirƙirar sabuwa ce, ko kuwa an riga an ba da takarda a kanta, kuma dokar ta faɗa ƙarara cewa ana ba da takardar ne ba tare da lamunin ingancinta ba. Wannan bai halatta cin tudu biyu ba. Sashe na 9 ya ba kotu ikon soke takarda idan an riga an ba da wata a Nijeriya a kan wannan ƙirƙira sakamakon neman da ya gabata. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan ƙara. Ma'ana, aikin da jami'in tantancewa yake yi a Amurka kafin a ba da takarda, a nan sai bayan an ba da ita, kuma sai wanda abin ya shafa ya tashi ya kai ƙara.

Mutanen ƙasar Daura suna da wani abin lura na daban. Takardar da aka samu a Abuja ƙarfinta yana ƙarewa a Kwangwalam. Jamhuriyar Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde ta ƙasar Kamaru, inda takarda ɗaya take aiki a ƙasashe 17. Wanda ya nemi takarda a Abuja ya kuma nema a Yawunde bai ci tudu biyu ba, domin kowace hukuma da ƙasarta. Har ila yau, dokar 1970 ba ta ba da takardar mallaka a kan nau'in tsiro ko na dabba ba. Mai fitar da sabon irin gero ko wake dokar kare nau'o'in tsirrai ta 2021 ce tasa.

Kammalawa

A yau garin Daura yana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya, kuma daga cikin ɗaliban da ke karanta wannan mujalla za a sami masu ƙera injin casar gero, da famfon ban-ruwa, da magunguna. Abubuwa uku ya kamata su riƙe. Su karanta da'awoyi kafin su ji tsoron kowace takarda, domin a nan iyakar take. Su duba ranar da aka shigar da nema su ƙara shekara 20, domin fasahar da wa'adinta ya cika halal ce ga kowane maƙeri. Idan kuma wani ya zo da sabuwar takarda a kan tsohon abu, su sani cewa hatimin Magatakarda ba hukuncin kotu ba ne. Ga malamai kuwa, shari'ar sifirin garma da ta Prozac sun isa zama aikin muhawara a aji: a raba ɗalibai gida biyu, a ba su da'awoyi biyu, su tantance da hujja ko gona ɗaya ce ko biyu.