Rarraba Shara a Gida

Ba duk abin da kuke zubarwa ne shara ba. Ku tanadi kwanduna uku a gida. A na farko, ku zuba ɓawon doya da ragowar abinci. Idan suka ruɓe a rami, sai su zama taki. Na biyu na gwangwanaye ne da tsofaffin ƙarafa, waɗanda 'yan gwangwan ke saye. Na uku na ledoji ne da robobi. Waɗannan ba sa ruɓewa da wuri. Idan aka yar da su, sukan toshe magudanar ruwa da damina, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa. Kada ku ƙona su, domin hayaƙinsu yana cutar da huhu. Ku tara su, ku kai wa masu sarrafa su.