Rumfar Bayan Gida: Lissafin Kaya Kafin a Je Kasuwa

A unguwannin Abuja irin su Kubwa, Lugbe da Gwarinpa, da yawa daga masu gidaje kan so a yi musu dakali mai rumfa a bayan gida, wurin shan iska da saukar baƙi. Aikin ƙarami ne a ido, shi ya sa ake fara shi da ƙiyasin baki. Birkila ya ce a kawo siminti buhu goma, kafinta ya ce a kawo katako ashirin, ana tsakiyar aiki sai kaya su yanke, ko su yi yawa a bar su ruwa na duka.

A Amurka da katako ake shimfiɗa irin wannan dandamali. A Abuja kuwa, inda damina ke kamawa daga Afrilu har Oktoba, ga kuma gara, daɓen kankare ya fi ƙarko, katako sai a sama.

Lissafi daga awon fili yake farawa. A ce dakalin mita 4 ne a tsawo, mita 3 a faɗi, murabba'in mita 12 ke nan. Idan kaurin daɓen santimita 10 ne, kankaren da zai ci ya kai kubik mita 1.2. A haɗin da magina suka saba, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, wannan zai ci kusan buhu 8 mai kilo 50. Buhu ɗaya yana cika kwanon lebura biyu, don haka kowane buhu yana tafiya da kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa. Jimilla yashi kwano 32, tsakuwa 64. Wanda ya san wannan ba zai sayi cikakkiyar tifar tsakuwa daga Mpape don daɓe ɗaya ba.

Kewayen dakalin mita 14 ne. Bulo mai inci 9 tsawonsa santimita 45, layi ɗaya zai ci kimanin 31, layi biyu 62. Simintin ɗora bulo da jar ƙasar ciko lissafinsu daban.

A rufi aka fi yin kuskure. Katako a kasuwar Dei-Dei yawanci da sunan ƙafa 12 ake sayar da shi, amma a auna kafin a biya, a kuma ware tanƙwararru da ɗanyu. Idan aka jera katakon rufi da tazarar santimita 60, tsawon mita 4 zai ci guda 8, ban da ginshiƙai da waɗanda ake buga kwanon rufi a kansu. Shi kuma kwano gefensa na hawa kan ɗan'uwansa, ga baki da ake bari ya zarce don feshin ruwa, saboda haka faɗin rufi kullum ya fi na daɓe. A ƙara kashi 10 cikin ɗari a kan komai saboda yanka da fashewa, kada a manta ƙusa da maganin gara.

Kafin a haƙa rami, a nemi izinin sashen kula da tsarin gine-gine na hukumar birnin tarayya, domin Abuja ba ta wasa da rusau. Sannan a tafi kasuwa da adadin kaya a rubuce. Farashin siminti kan sauya cikin mako guda, amma buhu 8 ɗin da daɓen ke buƙata ba ya sauyawa, kuma da shi ake iya ciniki da ɗan kasuwa da ma'aikaci.