Tsakanin Kunu da Burkutu: Darasin Wata Sabuwar Mai Sana'a a Ƙonni

A bazarar bana ƙanwata ta tashi shiga sana'ar kunun zaƙi. Ganin yadda sukari ke cinye riba, sai ta ce da tsiron dawa za ta zaƙaƙa nata, kamar yadda kakanninmu suke yi. Ta auno tiya biyu ta jar dawa a kasuwar Laraba ta Birnin Ƙonni, ta jiƙa rabin tiya kwana ɗaya, ta tsane, ta shimfiɗa kan buhu a inuwa tana yayyafa ruwa safe da yamma. A kwana na huɗu dawa ta tsiro. Ta shanya, ta murje saiwoyin da ƙananan tsiron ta sheƙe su, domin akwai guba a cikinsu, sannan ta kai niƙa.

Abin da ke faruwa shi ne, ƙwayar da ta tsiro tana samar da wani sinadari mai mayar da gari ya koma sukari. Shi ya sa idan aka zuba garin tsiro a cikin kunu mai kauri, sai ya tsinke ya yi zaƙi. Amma sinadarin ba ya jure tafasa. Nan ta fara kuskure: ta zuba tun tukunya na tafarfasa, kunu ya tsaya salam. A karo na biyu ta bari ya huce, da sauran zafinsa, ta zuba ta rufe sa'o'i kaɗan, sai ga zaƙi ba sukari.

Murna ba ta daɗe ba. Ragowar da ba ta sayar ba ta kwana biyu a jarka, ga zafi ya haura digiri 40, ga wuta an ɗauke. Da ta buɗe, sai jarka ta yi huci, kumfa na tashi, wari ya sauya. "Yaya, me ya sami kununa?" in ji ta. Na ce mata ya kama hanyar giya.

To 'yan uwa mata, a nan hankali yake. Masu dafa burkutu ma da tsiron dawa suke farawa. Bambancin kawai, su suna barin yis ya cinye zaƙin ya mayar da shi barasa. Yis kuwa yana nan a iska da jikin mazubin da ba a wanke ba, ba sai an gayyace shi ba. Hatta kamfanoni da wannan hanya suke aiki: da Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, sai masana'antun giya da na lemon malt suka koma kan dawa.

Ƙanwata ta zubar da jarkar, jarin kwana biyu ya bi ƙasa, amma ta tsira da mutuncinta da halalin cinikinta. Yanzu da ta tace takan sake tafasawa, ta sa citta da kanumfari, ta wanke jarka da ruwan zafi, ta sa ƙanƙara, kuma ba ta dama abin da ya wuce cinikin yini guda.

Masu kai kunu tashoshin Ƙonni, Malbaza da Illela, a kula: kunun da ya fara huci ba na sayarwa ba ne. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.