Tunawa da Shahararrun Mamata a Ƙasar Kabi: Hanyoyinta da Abin da Take Tacewa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin hanyoyin da al'ummar Birnin Kebbi da Argungu ke bi wajen raya sunayen shahararrun mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. An duba marsiyya, da sanya sunaye ga cibiyoyi, da gidan tarihi da biki, da kuma waƙar baka. Maƙalar ta nuna cewa kowace hanya tana da irin mutanen da take ɗauka da waɗanda take zubarwa, kuma mawaƙan baka, waɗanda suka raya sunayen wasu, su ne suka fi fuskantar barazanar ɓacewa.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce waiwaye adon tafiya. Sai dai mai waiwaye ba ya ganin duk abin da ya baro, yana ganin abin da idonsa ya sauka a kai ne. Haka tunawa da mamata take. Idan shahararren mutum ya rasu, al'umma takan zaɓi abin da za ta riƙe daga rayuwarsa, ta saki saura, kuma abin da aka riƙe shi ne na baya za su ɗauka a matsayin tarihinsa.

Ƙasar Kabi fage ce mai kyau ta nazarin wannan zaɓe. A cikinta akwai masarautu biyu maƙwabta, Gwandu mai hedikwata a Birnin Kebbi da kuma Argungu, waɗanda suka shafe mafi yawan ƙarni na 19 suna gaba, yau kuma suna cikin jiha ɗaya tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Kowace tana da gwarazanta, kuma gwarzon wannan a da abokin gabar waccan ne.

2.0 Harshe da Al'adar Ambaton Mamaci

Tacewa tana farawa ne daga harshe. Bahaushe yakan ce mutum ya rasu, ko ya kwanta dama, ko Allah ya yi masa cikawa, ya bar kalmar mutuwa ga dabba ko ga zance na gama-gari. Daga ranar rasuwa sunan mutum yakan sami ƙarin marigayi a gaba da addu'ar Allah ya jiƙansa a baya. Addinin Musulunci ya yi horo da ambaton alherin mamata da kame baki daga aibinsu, al'ada kuma ta ƙarfafa haka da cewa shaidar duniya ita ce ta lahira. Saboda haka a zaman makoki, da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in a gidajen da ke yin su, kyawawan halaye ake lissafawa.

Akwai kuma takwara. Idan aka haifi yaro bayan rasuwar kakansa, sau da yawa akan mayar masa da sunan, sannan a sakaya da laƙabi irin su Abba ko Baba don kunya. Wannan ita ce hanya mafi tsufa ta raya suna, kuma kowane gida yana da ikon yin ta. Shahararre ya bambanta da sauran jama'a ne ta yadda takwarorinsa kan fita daga cikin danginsa su bazu cikin gari.

Wannan ladabi yana kare mutuncin mamaci da zukatan iyalinsa. Amma yana jefa manazarci cikin matsala, domin abin da ya dace a faɗa a zauren makoki bai isa ya zama tarihin mutum ba.

3.0 Marsiyya

A rubuce, babbar hanyar tunawa ita ce marsiyya, wato waƙar ta'aziyya. Masu jihadi sun yi ta da Larabci da Fulatanci da Hausa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda zuriyarsa ke sarautar Gwandu, ya tattara ƙasidunsa a cikin Tazyin al-Waraƙat, a ciki har da waɗanda ya yi juyayin malamai da abokan gwagwarmayarsa. Da shi ma ya rasu aka binne shi a Gwandu, Nana Asma'u ta yi masa marsiyya, kamar yadda ta yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837.

Tsarin marsiyya sananne ne ga manazarta: buɗewa da sunan Allah da salati, bayyana girman rashi, jero halayen mamaci, addu'a, sannan rufewa. Abin lura shi ne irin halayen da ake jerowa. Ilimi da haƙuri da adalci da kyauta da gudun duniya su ne kan gaba, ba a cika tsayawa kan dukiya ko yawan dakaru ba. Ke nan marsiyya tana zana wa masu rai hoton mutumin kirki ne da sunan mamaci, mai karatunta kuma yana koyon ma'aunin al'ummar fiye da yadda yake koyon rayuwar wanda aka yi wa.

Wannan gado bai yanke ba a ƙarni na 20. Kisan Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello a 1966 da na Janar Murtala Muhammed a 1976 sun haifar da waƙoƙin juyayi masu yawa a ƙasar Hausa. Ƙasar Kabi kuma ta fitar da marubuta waƙoƙi da ake ji da su, irin su Alhaji Umaru Nasarawa, Wazirin Gwandu, da Alhaji Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega, wanda ya rasu a 1999 ya bar diwaninsa Fasaha Aƙiliya. Irin waɗannan marubuta sun tafi sun bar abin da za a riƙe a hannu, kuma wannan ne ya sa ɗalibi zai iya komawa ga kalmominsu kamar yadda suka tsara su.

4.0 Gari Biyu, Tunawa Biyu

A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ta ci Birnin Kebbi, wanda a lokacin shi ne babban birnin Kabawa. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka koma Argungu, kuma a 1849 Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar tawaye, aka ci gaba da fafatawa har zuwan Turawa. Daga baya, a farkon mulkin mallaka, hedikwatar Gwandu ta dawo Birnin Kebbi. Sakamakon haka shi ne tsohon birnin Kabawa yau yana tunawa da wanda ya ci shi, fadar Sarkin Gwandu ma sunan Abdullahi Fodiyo take ɗauke da shi, Argungu kuwa ta riƙe Muhammadu Kanta da Nabame.

Kanta shi ne ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16 bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Sanwai, ya gina Surame, wadda ganuwarta ta duwatsu take nan har yau. A Argungu an mayar da tsohon gidan sarauta gidan tarihi mai sunansa, inda aka adana makamai da tambura da kayan su, kuma a harabarsa akwai kaburburan sarakunan Kabi. Wani abin sha'awa shi ne daga cikin rubuce-rubucen da suka adana labarin Kanta akwai Infaƙ al-Maisur na Muhammadu Bello, wato ɓangaren da ya rusa mulkin jikokinsa. Wannan ya nuna cewa girman mutum yakan tsallake iyakar gaba idan ya kai wani matsayi.

Bikin kamun kifi na Argungu shi ma wata hanyar tunawa ce. An danganta fara shi a sigarsa ta yanzu da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wadda aka ɗauka a matsayin alamar sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. A nan al'umma ta zaɓi ta riƙa tunawa da ranar da aka daina yaƙi duk shekarar da aka yi bikin. Kowane ɓangare ya ci gaba da girmama nasa gwarzon, ba tare da an tilasta masa ƙasƙantar da na ɗan'uwansa ba.

5.0 Sunaye a Ƙofar Cibiyoyi

Hanyar da zamani ya kawo ita ce sanya sunan mamaci ga makaranta ko asibiti ko titi. Mazaunin unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi yakan ambaci mamata sau da yawa a yini ba tare da ya yi niyya ba. Idan zai je asibiti zai ce Sir Yahaya, wato Sarkin Gwandu Yahaya wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954. Idan ɗansa na karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya zai ce Waziri Umaru. Filin jirgin sama na ɗauke da sunan Ahmadu Bello, kwalejin ilimi ta Argungu kuma sunan Sanata Adamu Augie.

Amfanin wannan hanya shi ne ɗorewa, domin suna yakan shiga takardun hukuma da bakin direbobi da masu kabu-kabu. Rauninta kuwa biyu ne. Na farko, suna yakan rabu da mai shi, ya koma sunan wuri kawai, har a sami wanda ya yi shekaru yana shiga cibiya bai taɓa tambayar ko wane ne mai sunan ba. Na biyu, hukuma ce ke zaɓe, don haka sarakuna da masu riƙe da muƙamai su ne suka fi yawa a jerin.

6.0 Mawaƙan Baka: Masu Raya Suna

Kafin zuwan allon suna a ƙofar makaranta, makaɗin fada shi ne ma'ajiyar tarihin sarauta. Idan ya tashi yabon sarki mai ci, sai ya jero iyaye da kakanni, ya ambaci yaƙe-yaƙensu da kirarinsu, ta haka mamatan gidan suke rayuwa a kunnen jama'a. A ƙasar Kabi gidan Ɗandawo misali ne. Aliyu Ɗandawo ya yi waƙar fada a Argungu da Yawuri, ɗansa marigayi Sani Aliyu Ɗandawo ya gaje shi, ya yi wa sarakuna da masu sarauta da dama waƙa.

Matsalar ita ce gadon mawaƙin baka murya ce. Kafin zuwan na'urar ɗaukar magana, waƙa tana rayuwa ne a bakin 'yan amshi da magada, kuma idan ƙungiya ta watse sai ta tafi da abin da ta haddace. Abin da ya tsira daga Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo ya tsira ne ta faifai da kaset da ɗakunan ajiya na gidajen rediyo, da kuma aikin masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, wanda ya tattara tarihin makaɗa a Makaɗa da Mawaƙan Hausa, da Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, wanda ya rubuta littafi a kan Narambaɗa. Kaset kuwa yana lalacewa da zafi da ƙura. Waɗanda ake kwafewa zuwa wayoyin hannu sukan zo ba shekara, ba sunan wanda aka yi wa, wani lokaci ma da sunan wani mawaƙin daban. Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa kafin rasuwarsa a 1999, yana cikin 'yan kaɗan da hukuma ta karrama da irin wannan matsayi.

6.1 Gambu da Iyakar Yabo

Babu wanda ya fi Muhammadu Gambu na Fagada, wanda ya rasu a 2016, fito da wahalar auna gadon shahararre. Ya yi suna ne da waƙar ɓarayi, daga baya ya bayyana tubarsa ya bar ta. Ladabin makoki zai so a tsaya ga tubar, a rufe abin da ya gabace ta. Mai kishin tarbiyya zai ce waƙoƙin sun ƙawata ɓarna, kuma wannan zargi yana da nauyi, domin akwai mutanen da aka raba da dukiyarsu a zamanin da ake kiɗa wa ɓarayi kalangu. Manazarcin harshe kuwa zai ga taskar Hausar yamma, da karin magana, da habaici ga masu cin amanar jama'a a cikin riga mai tsabta, abin da ya sa masana irin su Bunza suka tsaya nazarinsa.

Duk ra'ayoyin nan uku suna da gaskiya a cikinsu, kuma ɗaukar ɗaya kaɗai yana rage mutumin. Idan aka goge waƙoƙin don kare sunansa, an yi asarar shaida kan wani ɓangare na rayuwar karkarar Kabi da Sakkwato da Zamfara. Idan aka yi ta yaɗa su ba bayani, an yi watsi da matsayin da shi kansa ya ɗauka a ƙarshen rayuwarsa. Aikin nazari shi ne adana waƙoƙin tare da tarihin yadda aka yi su da yadda mai su ya rabu da su.

7.0 Kammalawa

Bayanan da suka gabata sun nuna cewa marsiyya tana adana halin da al'umma ke so a yi koyi da shi, sunan cibiya yana adana suna ko da labarin ya ɓace, gidan tarihi da biki suna adana martabar masarauta, waƙar baka kuma tana adana sunayen wasu alhali ita kanta ba ta da tabbacin tsira. Daga cikin shahararrun ƙasar Kabi, sarakuna da malamai sun sami rubutu da gini, mawaƙan baka kuwa sun dogara ga kaset da ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan amshi, waɗanda su ma suna ƙarewa.

Bisa ga haka, akwai aikin da ya rataya a wuyan sassan nazarin Hausa, musamman na jami'o'in da ke Birnin Kebbi da Sakkwato. Ana bukatar tattara waƙoƙin da ke hannun iyalai da gidajen rediyo, a mayar da su cikin kwamfuta, a rubuta matanin kowace da karin harshenta na asali ba tare da an daidaita shi ba, a kuma yi hira da 'yan amshi da magada don tantance shekara da wanda aka yi wa. Addu'a haƙƙin mamaci ce a kan kowa, tantance abin da ya bari kuwa haƙƙinsa ne a kan masu ilimi.